Baƙin Baba Oloko

Tun da gwamnatin ƙasar nan ta Ingila ta fara tsuke bakin aljihu, wuraren da tsofaffi ke zama su aka fara sa wa wuƙa. Laburaren unguwarmu a Perry Barr, wanda da kusan kullum a buɗe yake, ya koma sai ranar da aka ga dama. A cikinsa akwai wani lungu da tsofaffin Turawa ke taruwa da hotunan unguwar tun zamanin da ake jan kaya da doki, suna gardama a kan wane shago ne yake wace kwana. Nakan zauna a gefensu saboda ɗumin hita, ina saurare. Wata rana na je na tarar an kwashe hotunan an cusa a kwali, matar da ke kula da wurin kuma an sallame ta. Na tsaya a bakin ƙofa na yi tsaki. Mutanen da suka zaga duniya suna rubuta tarihin kowa, yau sun rasa abin biyan wutar da za su haska nasu. Amma su ko banza talauci suka kawo hujja. Namu mutanen, da zan ba da labarinsu yanzu, girman kai ne kawai ya sa suka zubar da nasu.

Ni ɗan Sabo ne. An haife ni a wani ƙaramin gari a Kudu, cikin ƙasar Yarbawa, garin da titinsa mai kwalta ɗaya ne, shi ma ya ratsa ne don ba shi da wata hanya. Daga gabas rafi ne, daga yamma tudu mai jar ƙasa, ko'ina kuma gonakin goro da koko, da ƙananan ƙauyuka da ba ka ganinsu sai ka ji ƙamshin manja a wuta. Unguwarmu ta Hausawa, wato Sabo, tana bakin tasha. Goro ne ya kawo iyayenmu, goro ne kuma ya riƙe su. Idan na rufe ido har yanzu ina jin garin kafin in gan shi: ruwan sama a kan rufin kwano, kiran sallar ladaninmu mai muryar hanci yana haɗuwa da ƙararrawar coci, kalangun Yarbawa daga can cikin gari in an yi mutuwar babba, da odar lorin da zai tafi Arewa, direba yana zagin kowa don a gama lodi. Da sassafe matan ƙauye ke shigowa da kwanduna a ka, ƙafafunsu jawur da taɓo, suna ciniki da iyayenmu rabi da Yarbanci rabi da Hausa, ana rantsuwa da alloli daban-daban a kan ƙwarya ɗaya.

Aikinmu mu samari shi ne tsinta. A zauna a kan tabarma, a zube goro, a ɗauki kowace ƙwaya a juya ta ana neman ramin sankara, tsutsar nan da ke cin goro daga ciki. Mai kyau a jera a kwando a lulluɓe da faffaɗan ganyen nan da ake kira fita, kafin a ɗaure shi huhu. In mahaifina ya ga ina sauri sai ya buge mini hannu ya ce, “Juya ta, ɗan banza. Guda ɗaya ka bari, kafin lori ya kai Kano ta gama da mu.” Bayanmu yana ciwo, yatsunmu sun yi baƙi, amma ba wanda ya taɓa kiran abin wahala. Yaran yanzu, da na gani a nan, in suka zauna awa guda a gaban kwamfuta sai su miƙe suna cewa sun gaji, a kawo musu ruwan kwalba.

Ina saurayi, gemu ya fara tsiro, Inna ta rasu. Tsakiyar damina ce, irin wadda rana ke ɓacewa har mutum ya manta kamarta. Tsohuwar maƙabartarmu tana gefen rafi, ruwa kuwa ya shanye ta gaba ɗaya, sai kan ciyayi kake gani. An yi mata wanka, an sa ta a likkafani, tana kwance a zaure, ba inda za a kai ta. Sarkin Hausawa da Liman suka tafi fadar sarkin gari, fadawa suka ce su dawo in manya sun zauna. Ina durƙushe kusa da ita ina kuka ba kunya, ga mahaifina ya zuba tagumi, ga azahar tana wucewa.

Sai ga Baba Oloko ya shigo. Haka kowa ke kiransa, ma'anarsa mai gona. A wurinsa mahaifina ke sayen goro. Shi ba Musulmi ba, ba Kirista ba. A ƙofar gidansa akwai wani dutse da yake zuba wa manja, mu kuwa yaran Sabo in za mu wuce sai mu tofar da yawu. Ya rufe kansa da ganyen ayaba saboda ruwa, 'yarsa tana biye da shi riƙe da adda, wata siririyar yarinya da Inna ke ba ƙosai kyauta duk ranar kasuwa. Ya dubi likkafanin, ya dubi mahaifina, ya ce da gurguwar Hausarsa, “Ku ɗauko ta. Ku biyo ni.”

Muka bi shi har kan tudun nan na yamma, cikin gonarsa, inda ruwa ba ya kwanciya. Wurin da ya dace da alƙibla akwai wani itacen goro a tsakiya, ya yi 'ya'ya har rassansa sun sunkuya, saiwoyinsa sun hana diga shiga. Ya karɓi addar daga hannun 'yarsa, shi ya fara sara. Wanda bai zauna da manoman goro ba ba zai san nauyin wannan ba. Itacen da ya dasa tun yana saurayi, ya jira shi shekara da shekaru kafin ya ga ƙwaya ɗaya. Aka kayar da shi, aka tona, aka sa Inna. Da aka shafa fatiha mahaifina ya ja shi gefe yana maganar abin da za a biya. Ban taɓa ganin fushin tsohon nan ba sai ran nan. Ya ce, “Ni ba na sayar wa baƙo wurin barci. Ita baƙuwata ce. Duk wanda ya mutu a cikinku ku kawo shi, baƙona ne. Amma duk shekara ku kawo mini kwandon goro a madadin itacen nan, in san ba ku manta gidan wa kuke ba.”

Haka aka yi ta yi. Duk shekara in kakar goro ta ƙare, sai dattawan Sabo su sa fararen riguna, a cika kwando da farar goriya zalla, wadda aka tsince sau biyu, a lulluɓe da ɗanyen ganye, a taka a ƙasa har ƙofar gidansa. Ni nake ɗauka a ka, don uwata ce baƙuwar farko. Yana zaune a kan kujerar katako, sai ya buɗe ganyen, ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak, ya ɓare, ya tauna, sannan ya ce, “Yaya baƙina?” Liman ya ce, “Suna barci lafiya, Baba.” Sai ya turo kwandon da ƙafarsa ya ce a kai a raba musu. Mu komo da shi masallaci a yi sadaka da sunan mamatan. Wannan shi ne dukan abin. Ba takarda, ba sa hannu, ba ɗan kwamiti.

Daga baya na bar gari, goro ya yi ta jana. Na zauna a Kumasi har na iya Asantanci, na yi Abijan inda na koyi zagi da Faransanci kafin gaisuwa, na yi shekaru a Omdurman, na ƙare a nan wurin 'yata da ke aikin kula da tsofaffi. Ko'ina na je nakan leƙa maƙabartar baƙi, don a nan ake sanin halin masu gari. Na ga inda ake tura baƙi bayan juji. Na ga inda ake kewaye su da waya kamar masu kuturta. A ƙasar nan kuwa, da duk tsabtarta da furanninta, kabari haya ake ba ka, da wa'adinsa a rubuce. Ban taɓa ganin inda mai gari ya sare itacensa ya kuma riƙa tambayar lafiyar matattun wasu ba, sai a wannan ƙaramin garin da ko a taswira sai ka sa tabarau.

To, 'ya'yan Sabon namu da ke ƙasar nan sun kafa ƙungiya. Da a wani zauren unguwa suke taro, da aka rufe shi suka koma falon wasu ɗalibai a Selly Oak, inda takalma suka fi kujeru yawa. Shugabansu, wanda ko matarsa Ciyaman take kiransa, mutum ne mai son a ji muryarsa. Shi ya kawo shawarar a rubuta tarihin garinmu da kewayensa, shi ya rubuta, shi ya buga, hotonsa ne a bango yana riƙe da haɓa. Aka gayyace ni a matsayin uban taro, aka zaunar da ni kusa da hita, aka ba ni shayi mai ruwa-ruwa, ya fara karantawa.

Sunayen ƙauyukan duk ya karkata su. Rafin ya mai da shi kogi. Wannan duk na haɗiye. Sai ya zo kan maƙabarta, ya gyara murya, ya karanta cewa kakansa, attajiri mai hangen nesa, shi ya sayi filin daga hannun wani arne ya yi wa Musulmi waƙafi.

Na san kakansa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, yankan farce yake yi a tasha. A bayan lori ya zo garin, a kan buhunan albasa, bayan ciyawa ta riga ta rufe kabarin Inna. Shi kansa yana kwance a tudun nan, baƙon Baba Oloko kamar kowa.

Na ɗaga hannu na faɗi abin da na gani da idona. Ciyaman ya yi murmushin da likita ke yi wa mara lafiya. Ya ce, “Baba, with due respect, wannan oral tradition ne. Mu documentation muke yi.”

Na ce, “Kai wa ya gaya maka naka?”

Ya ce, “Gwaggona.”

Na ce, “Ashe gwaggonka takarda ce.”

Wasu suka yi dariya a hannun riga, shi kuwa ya duba agogo. Na ce to, yaushe aka kai kwandon ƙarshe? Yawancinsu ba su ma san wane kwando ba. Wani mai gajeren wando da ke digiri na uku ya ce ai tun rasuwar tsohon Liman aka daina, don wani malami ya zo ya ce kai wa gidan masu tsafi goro ba shi da asali. Na ce masa, “Ɗana, kwanciya a gonar mai tsafin tana da asali? In ba ta da shi ku je ku tono kakanninku.” Ciyaman ya ce lokaci ya ƙure, a wuce zuwa item na gaba, wato abinci.

Suka aika littafin gida, aka yi bikin ƙaddamarwa da rumfa da lasifika. A cikin waɗanda aka raba wa har da wani jikan Baba Oloko, wanda ya iya karatu sarai. Bayan ɗan lokaci ƙanena ya kira ni daga gida. Ya ce, “Yaya, gidan Oloko sun aiko. Sun ce tunda saye aka yi a kawo takarda. In babu, bayan Sallah katafila za ta shiga, wani zai gina gidan mai. Jiya na ga masu awo sun kafa sanda a kan Inna.”

Na sanar da Ciyaman. Ya ce kada in damu, za su kafa kwamiti, su rubuta petition, su ɗauki lauya. Lauya, a kan filin da ba naka ba, da hujjar gwaggo. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Na tambayi ƙanena wane ne babba yanzu a gidan Oloko, wanda in ya yi magana ba a tsallakewa. Ya ce ai wata tsohuwa ce, 'yar Baban ta cikinsa, amma ɗanta ya ɗauke ta zuwa Ingila tuntuni. Wata abokiyar aikin 'yata, Kirista 'yar Jos mai Hausa kamar Bakanuwa, ita ta bi mana ta coci-coci har aka gano ta a Salford.

Na shiga shagon kayan Afirka na unguwarmu neman goro. Abin da suke kira goro a nan, a Sabo ko akuya ba za a ba ba. Yana cikin bokiti, ya yamutse, rabinsa ya yi baƙi. Na ja kujera na zauna na fara juya su ɗaya bayan ɗaya, mai shagon yana cewa, “Alhaji, duk ɗaya ne fa.” Ban kula shi ba. Na fitar da fararen da suka fi dama. Ganyen fita babu, sai na sayi wanda Yarbawa ke naɗe alale, ɗan'uwansa ne. Kwando kuwa na juye albasar 'yata na ɗauka. Na sa farar rigata a ƙarƙashin kwat, na hau bas zuwa Manchester da kwandon a cinya, daga nan na hau taragon cikin gari, Turawa suna kallona suna kawar da kai.

Wani dogon bene ne, lif ɗinsa ya lalace, an manna takardar ban haƙuri da ta riga ta koɗe. Na hau a hankali ina hutawa. Ita kaɗai ce a flat ɗin, ɗanta yana wurin aiki, mai zuwa duba ta kuma an rage mata lokaci, ta ajiye abinci ta fita. Tana zaune cikin bargo, talabijin yana ta ihu. Na durƙusa na gaishe ta da Yarbanci, irin gaisuwar da ake yi wa manya.

Ta ce, “Ɗan wa?”

Na ce, “Ɗan matar da aka sare wa itace.”

Ta kashe talabijin. Sai ta juya harshe zuwa Hausar Sabo, wadda rabona da jinta tun ina da baƙin gashi. Ta ce, “Kai ne mai kukan nan kamar an yanka akuya?”

Na ce, “Ni ne, Iya. Ke ce mai addar da ta fi ki tsawo.”

Ta ce, “Matso in ga abin da duniya ta rage.” Na matsa, ta ƙura mini idanunta da suka yi fari. “Kai, ka lalace.”

Na ce, “Ke ma ba a sa ki a firji ba.”

Ta yi dariya har da tari. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce an karanta mata littafin a waya. “Ubana arne. To, arnen ne ya rufa muku asiri ranar da sarki ya ce ku dawo gobe. Uwarka ta ba ni ƙosai, ubana ya ba ta ƙasa. Yaushe kuka saya? Da me? Shekara nawa yayyena suna zama a ƙofar gida lokacin kaka, suna jira, ba wanda ya zo?”

Ban kare kowa ba, don babu abin karewa. Na tura kwandon gabanta. Ta laluba ta buɗe ganyen, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sansana, ta yamutsa fuska. Ta ce, “Wannan ba namu ba ne. Goron Gana ne.”

Na ce, “Shi ƙasar Turawa ta ba ni.”

Ta sa farce ta ɓare shi. Ba ta da haƙoran taunawa, sai ta gutsuri ɗan kaɗan ta ajiye a kunci. Ta gyara zama cikin bargon, ta miƙe wuya, wallahi sai na ga tsohon nan a kan kujerarsa ta katako. Ta ce, “Yaya baƙina?”

Amsar tana bakina tun ina saurayi, amma na kasa faɗinta, don ƙarya ce. Na ce, “Ba sa barci, Iya. Ana auna su da sanda.”

Ta ce in miƙo mata waya. Ta kira ɗan wanta a can gida, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. Na ji zagi a harsuna da yawa, amma ban taɓa jin wanda ya kai na ran nan tsari ba. Ta ce masa an kawo goro, ta karɓa, ta ci. Ta ce duk wanda zai shigar da katafila tudun nan, ya fara da kabarin ubanta. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa to Mama, to Mama.

Da ta ajiye ta ce, “Muddin ina numfashi ba mai taɓa su. Amma ka dai gan ni. Baɗi wa zai kawo?”

Na ce, “Ni, in ina da rai.”

Ta ce, “Ji wanda zai tsaya mini. Da ƙyar ka hawo bene.” Ta sa ƙafa ta turo kwandon. “Ɗauka ka kai a raba musu.”

Ranar Juma'a na tafi da shi masallacin da 'yan ƙungiyar ke zuwa. Kafin nan labari ya iso cewa an cire sandunan. Bayan an idar na tarar da Ciyaman a bakin ƙofa, mutane sun kewaye shi, yana bayanin yadda kwamitinsa ya bi ta hanyar diplomacy aka shawo kan matsalar, da yadda za a ƙara wannan babi a bugu na biyu. Na bi layi ina miƙa wa kowa goro. Da na zo kansa ya leƙa kwandon, ya tona, ya zaɓi wadda ta fi girma.

Ya ce, “Baba, sadakar wa?”

Na ce, “Ta wasu baƙi.”

Ya ce, “Allah ya karɓa,” ya jefa a baki ya ci gaba da bayaninsa. Na tsaya ina kallonsa har ya haɗiye.

Kwandon yana nan a kan kabad ɗin ɗakina, 'yata ta haƙura ta sayi wani na albasa. 'Yan ƙungiyar suna zuwa gaishe ni lokaci-lokaci, su zauna a ƙarƙashinsa su sha shayi. Har yau ba wanda ya ɗaga kai ya tambaye ni na mene ne.